Al'ada a Ma'aunin Masana Zamantakewa

(Kiɗan buɗe shiri)

  

Yau za mu shiga wani fanni da ake koyarwa a jami'o'i, reshe ne na ilimin zamantakewa, kuma aikinsa nazarin al'ada. Kada jin sunan jami'a ya sa wani ya kashe rediyonsa. Abin da za mu tattauna yana cikin gidan kowa.

Idan aka ambaci al'ada a taron gwamnati, abin da yakan fara faɗo wa mutane a rai shi ne kalangu da dambe da kokawa, da 'yan rawa sanye da kayan gargajiya ana nuna wa baƙi. Waɗannan al'ada ne, babu musu, amma su ne ɓangarenta mafi sauƙi. Mai nauyin ba a kai shi dandali. Shi ne abin da ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari. Shi ne ke sa saurayi ya tuɓe takalmi ya durƙusa tun daga nesa in ya hango surukinsa. Shi ne ke sa magidanci ya ci bashi don kayan ɗakin 'yarsa alhali babu dokar da ta tilasta masa, kuma shi ne ke sa a ce wane ba sa'an auren wance ba ne saboda sana'ar kakansa.

A shekarar 1871 wani Baturen Ingila, Edward Tylor, ya ba da ma'anar da har yau ake fara karatu da ita. A taƙaice, al'ada ita ce duk abin da mutum ya koya saboda zamansa cikin jama'a, tun daga sani da imani da fasaha har zuwa ɗa'a da doka da sabo. Abin lura a nan shi ne koyo. Ba a haifar kowa da kunyar suruki a cikin jininsa. Jaririn da aka haifa a Daura, in aka rene shi a Japan, gaisuwar Japanawa zai tashi da ita.

To mene ne bambancin masanin zamantakewa da mai tattara al'adu ya jera su a littafi? Mai tattarawa zai gaya maka yadda ake lefe. Masanin zamantakewa zai tambaya: wa ke tsare da wannan al'ada, wane ne ke cin moriyarta, a wuyan wa nauyinta yake, kuma me zai sami wanda ya ƙi yi? Waɗannan tambayoyi su ne jigon shirinmu na yau.

Tun kafin Turawa su raɗa wa fannin suna, wani malami Musulmi ya share masa fage. Shi ne Abdurrahman Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406. Ya keɓe kansa a Ƙal'at Ibn Salama, cikin ƙasar Aljeriya ta yau, a can ya rubuta Muƙaddima a shekarar 1377. Abin da ya dame shi shi ne yadda marubuta tarihi ke kwaso labari su zuba a takarda ba tare da sun auna ko zai yiwu a irin zaman da mutane ke yi ba. Ya nuna cewa halayen jama'a suna bin hanyar neman abincinsu, na makiyayi a daji daban, na mazaunin birni daban, kuma sabo ya fi asali ƙarfi wajen gina halin mutum. Ya kuma lura cewa wanda aka ci da yaƙi yakan kwaikwayi wanda ya ci shi, a tufafi da abin hawa da sauran al'amura, domin yana ganin kamala a tare da shi. Duk wanda ya ga lauyoyinmu da alƙalan manyan kotuna cikin baƙar riga da hular gashi irin ta Ingila, fiye da shekara 60 bayan samun 'yancin kai, ya ga abin da malamin yake nufi.

Bayan shi da kimanin shekara 500, wani Bafaranshe, Emile Durkheim, ya fitar da littafi a 1895 kan ƙa'idojin wannan ilimi. Ya ce akwai abubuwan da ba mutum ɗaya ya ƙirƙiro su ba, ya zo duniya ya tarar da su, zai mutu ya bar su, amma suna da iko a kansa. Ba ka jin ƙarfinsu sai ranar da ka saɓa musu.

Mu gwada da abin da muka sani. An yi rasuwa a maƙwabta, magidanci yana gari, lafiyarsa ƙalau, bai je jana'iza ba, bai leƙa zaman makoki ba har aka share uku. Babu ɗan sandan da zai kama shi, babu alƙalin da zai ci shi tara. Amma ranar da aka yi masa haihuwa zai ga tabarmar ƙofar gidansa babu kowa. Ranar da ɗansa ya je neman aure, in aka zo bincike a unguwa, za a ce gidan ba su da zumunci. Hukunci ya hau kansa, kuma ba wanda zai nuna ya ce shi ya yanke. Wannan tambaya da ke hana mutane barci, wato me mutane za su ce, ita ce ƙarfin da Durkheim yake magana a kai.

Ɗan 'yar'uwarsa kuma ɗalibinsa, Marcel Mauss, ya ɗauki batun kyauta a 1925. Ya bi labarin al'ummu da dama, ya ga cewa abin da ake kira kyauta yana tafe da wajibai uku: ka bayar, ka karɓa, ka rama. Wanda ya ƙi karɓa ya ƙi zumunci, wanda ya karɓa bai rama ba ya zubar da girmansa.

Iyayenmu mata ba su buƙaci Mauss ya gaya musu haka ba. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna a Giwa ta ƙasar Zazzau tare da wata dattijuwa da ake kira Baba, mutuniyar Karo, tana rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta. Littafin ya fito a 1954, bayan rasuwar Baba. Tsohuwar ta ga zamanin harin bayi, ta ga zuwan Turawa, amma abin da ya cika labarinta shi ne aure da haihuwa da suna da riƙon 'ya'ya da ƙawance, da wa ya kai wa wa me. Mijin Mary, M. G. Smith, wanda ke nazarin ƙasar Zazzau a lokacin, ya yi bayanin yadda biki ke tafiya tsakanin mata: abin da kika kawo mini ranar sha'anina, zan ninka miki ranar naki, haka za a yi ta hawa har ya yi nauyi, a sasanta a koma ƙasa a sake farawa. Mai kallo daga waje zai ce ɓarnar kuɗi ce. Wanda ya zauna ya lissafa zai ga ajiya ce. Macen da ba ta da asusu a banki ta rarraba dukiyarta a hannun ƙawaye goma, kuma za ta dawo mata daidai ranar da ta fi buƙata, ranar aurar da 'ya. Wannan shi ne darasi na farko a fannin: al'ada takan yi wani aiki a ɓoye wanda ya wuce abin da masu yin ta ke faɗa.

Haka wasan barkwanci yake, na Kanawa da Zazzagawa, na Fulani da Barebari, na Gobirawa da Yarbawa, na jika da kaka, na taubasai. Masani Radcliffe-Brown ya yi rubutu a kansa a 1940, ya nuna cewa irin wannan wasa yakan tsiro ne inda mutane suke kusa da juna amma akwai abin da zai iya haɗa su faɗa, sai a ba su izinin tsokana a haramta musu fushi. Jamhuriyar Nijar ta ɗauki abin da muhimmanci, har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada a 2014.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, yanzu bari mu je Ibadan, domin a can aka yi ɗaya daga cikin bincike mafi daɗin ji kan Hausawa.

An kafa unguwar Sabo a Ibadan a 1916. A farkon shekarun 1960 wani masani, Abner Cohen, ya zauna a cikinta, ya fitar da littafinsa a 1969. Tambayar da ya je da ita ita ce: me ya sa Hausawan Sabo, waɗansu ma a can aka haife su, suka ƙi narkewa cikin Yarbawan da ke kewaye da su? Me ya sa Hausancinsu ya ƙara ƙarfi maimakon ya dusashe? Amsar da kowa zai fara bayarwa ita ce Bahaushe akwai riƙon al'ada. Cohen bai tsaya nan ba, sai ya bi kasuwa.

Arzikin Sabo a kan abu biyu yake, shanu daga Arewa zuwa Kudu, goro daga Kudu zuwa Arewa. Sa ba ya daɗewa a kurmi saboda ƙudan tsando, tilas a sayar da shi da wuri. Mahautan Yarbawa kuma ba su da kuɗin biya nan take, sai dai bashi, su yanka su sayar su kawo. To falken da ya taho daga nesa da garke, bai san kowa ba, yaya zai ba baƙon fuska dukiyarsa bashi? Nan maigida ya shigo. Shi ke saukar da falke, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗi, dillalansa su sayar da shanun, kuma shi ya san wane mahauci ne ke biya, wane ne ke gudu. In mahauci ya ci amana, maigida ne zai biya. Haka goro, wanda ke lalacewa da wuri kuma farashinsa ba ya zama wuri ɗaya, yana buƙatar labari mai sauri da amintaccen hannu daga wannan tasha zuwa waccan.

Dukiya mai yawa tana yawo ba takarda ba kotu. Me ke riƙe da ita? Harshe ɗaya, sarki ɗaya, malamai ɗaya, auratayya, da sanin cewa wanda ya ci amana a Ibadan labarinsa zai riga shi isa Kano. Hausanci shi ne jinginar. Duk wanda yake son shiga wannan ciniki sai ya zama ɗan Sabo, kuma ta haka aka tsare cinikin daga hannun wasu.

A farkon shekarun 1950 abubuwa suka fara sauyawa. Siyasar jam'iyyu ta shigo, goyon bayan da Turawan mulki ke ba Sarkin Sabo ya yi rauni, Yarbawa Musulmi kuma sun yawaita, addini ya daina bambanta ɗan Sabo da maƙwabcinsa. A daidai wannan lokaci mutanen Sabo suka shiga ɗariƙar Tijjaniyya da yawansu, suka kuma ware masallacin Juma'arsu. Cohen ya fassara wannan da cewa unguwar ta sake gina katangar da ke neman rushewa. A nan ina da magana. Ba na jin wanda ya karɓi wuridi yana lissafin shanu a zuciyarsa, kuma masanin da ya mai da imanin mutane dabarar kasuwa kawai ya rage musu. Amma ikhlasin mutum ɗaya-ɗaya bai hana abin da suka yi tare ya haifar da sakamako a kasuwa ba. Abu biyun suna iya zama gaskiya a lokaci guda, kuma koyon riƙe su tare ba tare da an jefar da ɗaya ba yana cikin abin da wannan fanni ke koyarwa.

Ya zuwa nan mun ga al'ada tana haɗa mutane. Tana kuma jera su, wani sama wani ƙasa, kuma wannan ne ɓangaren da ba mu cika son taɓawa ba.

Pierre Bourdieu ɗan wani ma'aikacin gidan waya ne daga wani ƙauye a kudu maso yammacin Faransa. An haife shi a 1930, ya rasu a 2002. Ya fara bincikensa a Aljeriya cikin Kabilawa, sannan ya juya ya dubi mutanensa. A shekarun 1960 shi da abokan aikinsa suka yi wa Faransawa 1,217 tambayoyi kan abubuwan da ake ganin ba su da wani muhimmanci: wane kiɗa kake so, me kake dafa wa baƙo, ina ka sayi kujerun ɗakinka, wane irin hoto ne yake burge ka. Sakamakon ya fito a littafin da ya wallafa a 1979. Ya gano cewa abin da kowa ke ɗauka zaɓin ransa ne yana bin gidan da ya fito da zurfin karatunsa sau da ƙafa. Kuma masu hali ba sa cewa namu daban naku daban, cewa suke yi namu shi ne wayewa.

Daga nan ya kawo batun da ya yi suna da shi, cewa jari ba kuɗi kaɗai ba ne. Iya magana, iya zama, sanin abin da ake faɗa a gaban manya, takardar shaida, duk jari ne, ana gadonsa, kuma ana canza shi ya zama aiki da aure da muƙami. Ya nuna cewa makaranta takan saka wa yaro a kan abin da ya zo da shi daga gida, sannan ta kira shi hazaƙa.

Ku dubi yara biyu a aji ɗaya. Ɗaya ya tashi a gidan da ake karanta jarida, ana jin Turanci tun yana rarrafe. Ɗaya ya zo daga ƙauye, ya san sunan kowace ciyawa a daji, ya san cutar akuya tun kafin ta kwanta, ya iya lissafin awo da ka. Jarrabawa ɗaya za a yi musu, kuma ilimin ɗaya kaɗai za ta tambaya. Ko ku dubi alaramman da ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka. A tsangaya babu wanda ya kai shi daraja. Ya je ofis neman aiki, a ce masa ina takardarka. Iliminsa bai ragu ba ko da wasali ɗaya, wurin da ya kai shi ne ba a karɓar irinsa.

Har harshen da nake magana da shi yanzu bai tsira ba. Daidaitacciyar Hausa ta littafi da jarida da rediyo an gina ta ne galibi a kan karin harshen Kano, hukumomin talifi da jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, suka yaɗa ta. Shawara ce da mutane suka yanke don sauƙin rubutu, kuma ta yi amfani. Amma ba ta mai da Sakkwatanci ko Katsinanci ko Hausar Damagaram kuskure ba. Duk lokacin da fim ya sa wa wawa ko baƙauye karin harshen wani yanki don a yi dariya, ana koya wa yaran yankin jin kunyar maganar iyayensu, kuma wannan abu ne da ya kamata masu shirya fina-finai su daina.

M. G. Smith ya rubuta a 1959 yadda Hausawa ke jera sana'o'i: masu sarauta a sama, malamai da attajirai na biye, mahauta da maroƙa da makaɗa a can ƙasa, kuma mai gado ya fi ɗan haye daraja a cikin kowace sana'a. Jerin bai mutu ba, a wajen neman aure ake ganinsa. Amma yana motsi. Mamman Shata ba gadon waƙa ya yi ba, haye ya yi, kuma sana'ar da ya shiga tana cikin waɗanda ake rainawa. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Rediyo da faifai da kaset sun buɗe wa mawaƙi hanyar da ba ta bi ta ƙofar fada ba, sai darajarsa ta tashi.

(Gajeren kiɗa)

Wannan ya kawo mu ga maganar da aka fi ji a bakin mutane, wato haka muka gada kaka da kakanni. Sau da yawa in aka bincika sai a tarar kakan bai san abin ba. Gyaɗar da muke ƙuli-ƙuli da ita, da masara, da rogo, da barkono, da tumatir, duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba su iso Afirka ba sai bayan 1492. Dalar gyaɗa da ta zama alamar Kano ta biyo bayan isowar jirgin ƙasa ne a 1911. Atamfar da ba a lefe sai da ita ta samo asali daga kwaikwayon rinin mutanen Java na Indunisiya da masaƙun Holan suka yi, kamfanin Vlisco ma tun 1846 yake. Shaddar Getzner daga Ostiriya ake kawo ta. Anko daga Kudu ya zo mana. Lefen kansa daga kwandon kaba ya tashi, ya bi ta fantimoti, ya zama jerin akwatuna. Hijabin da ya zama ruwan dare yau, a farkon shekarun 1970 gyale da mayafi ne suka fi yawa a wurinsa. A 1983 masana tarihi biyu, Eric Hobsbawm da Terence Ranger, suka fitar da littafi sukutum kan al'adun da ake ɗauka na tun fil azal ne alhali ba su daɗe ba, kuma misalansu da yawa daga Birtaniya kanta suke.

Wannan bai sa ƙuli-ƙuli ya zama baƙo ba. Abin da jama'a suka karɓa suka sarrafa da hannunsu ya zama nasu. Tambayar da ta fi amfani ita ce me ya sa aka karɓi wannan aka bar wancan. Masani Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya tambayi dalilin da ya sa fim ɗin Indiya ya shiga ran Hausawa fiye da na Amurka. Ya ga cewa matsalolin da ke ciki su ne na gida: soyayya da auren dole, biyayya ga iyaye, talaka da ke son 'yar mai kuɗi, kunya tsakanin namiji da mace. Da aka fara fim ɗin bidiyo na Hausa da Turmin Danya a 1990, ba a jima ba rawa da waƙa suka shigo, kuma 'yan kasuwar da ke sayen fim suna da babban hannu a ciki, domin sun ga abin da ke fita da sauri. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan. A 2001 gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace fina-finai. Saboda haka abin da ke isa gaban mai kallo ya ratso ta hannun marubuci da mai zuba kuɗi da ɗan kasuwa da hukuma da malami mai wa'azi, kowa ya ja nasa ɓangaren.

Wani zai ce, to in kowace al'ada tana da dalili, ke nan babu wadda za a soka? A'a. Fahimta daban, amincewa daban. Ana fara fahimta ne don a san inda za a kama.

Ga misali. A shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan matan da ake kawowa bayan haihuwa da kumburi da haki, zuciyarsu ta gaza. Da suka bi diddigi sai suka danganta yawan abin da yadda ake jego a yankin: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in ko fiye, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa, da yawan shan kunun kanwa. Kanwa tana tara gishiri da ruwa a jiki, zafin kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Wannan illa ce ta gaske, ta ci rayuka.

Amma wanda zai tashi ya ce a soke jego ɗungurungum bai san abin da jego ke yi ba. Cikin kwanakin nan arba'in ne ake ɗauke wa mace daka da ɗiban ruwa da girki. Lokacin ne ake ba ta nama da abinci mai kyau ba tare da ta roƙa ba. In haihuwar fari ce takan koma gaban uwarta, ta koyi reno, ta huta. Ga mata da yawa babu wani hutu a rayuwar aure in ba wannan ba. Kuma ba ita ke yanke shawarar zafin ruwan ba. Uwa ce, ko uwar miji, ko ungozoma, waɗanda su ma haka aka yi musu, kuma suna yi ne don tsoron kada sanyi ya kama 'yarsu. Ma'aikaciyar lafiyar da ta yi wa mai jego faɗa a asibiti ta sallame ta, ta yi magana da wadda ba ta da iko. Wadda ta nemi tsohuwar, ta girmama ta, ta ce mata Inna, a ci gaba da wanka amma a surka ruwan, a ci gaba da kunu amma a janye kanwar, ita ce za a ji maganarta.

Muna da magabata a wannan hanya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albab, ya soki malaman da ke koyar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, wato ya soki al'adar mutanen ajinsa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta ɗauki aikin a aikace. Tana son ilimi ya kai ga matan karkara, waɗanda da yawansu bori suka sani. Ba ta aika musu baƙin fuska ba. Ta zaɓi dattawan mata daga garuruwansu, waɗanda sun wuce shekarun da za a hana su tafiya, ta naɗa kowace a matsayin jaji, ta ɗora mata malfa da jan ƙyalle a naɗe. Malfar nan matan sun san ta, domin irinta Inna ta Gobir, shugabar bori, take sawa. Jaji takan jagoranci ayarin mata da 'yan mata zuwa wurin Asma'u, su koyi waƙoƙin karantarwa cikin Hausa da Fulatanci, su haddace, su koma su koyar a gida. Asma'u ta san wa ake jin maganarsa a cikin mata, ta san alamar da suke girmamawa, ta san cewa waƙa ce ke zama a kan wadda ba ta karatu. Wannan ƙungiya, da ake kira 'Yan Taru, ta rayu bayanta fiye da shekara 100, har masu bincike na ƙarni na 20 suka tarar da jajoji a ƙasar Sakkwato suna ci gaba da aikin.

Masu sauraro, lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki batun kayan ɗaki da lefe shi kaɗai, mu bi yadda kuɗin ke fita da inda yake komawa, da dalilin da ya sa dokokin rage tsadar aure da garuruwa da dama suka sha kafawa ba su cika daɗewa ba.  

(Kiɗan rufe shiri)